Buhu Talatin a Ɗakin Mama

Ranar da aka shigar da buhunan wake ɗakin Mama Afiniki, ɗanta Malam Silvanus ne ya riƙe ƙofa. Bai ɗaga ko buhu ɗaya ba saboda ciwon baya. Shekara goma ke nan bayan nan nasa yana tashi duk lokacin da aka ambaci aikin ƙarfi. Ya dai tsaya yana nuna wa masu dako: a jera a kan katako, kada buhu ya taɓa siminti, a bar tazara tsakaninsa da bango. Abin da yake koyarwa ke nan a wata sakandare a Kwoi. Shekara ashirin da biyu yana malamin aikin gona, kuma ranar ce ta farko da ya ga an bi maganarsa.

Tsohuwar tana zaune a gefen gado, ta tattare ƙafafu don kada a taka ta.

"Silba, ni kuma ina zan sa ƙafa?"

"Mama, ga hanya nan an bar miki daga gado zuwa ƙofa. Sati biyu ne kawai, kafin mai walda ya sa wa sito ƙofar ƙarfe."

"Sati biyu," in ji ta, kamar mai ɗanɗana miyar da gishiri bai ji ba.

A shekarar citta ta ruɓe a ƙasa, gona bayan gona. Mutum ya tona ya tarar da abu mai laushi yana wari. Ɗan abin da ya rage a hannu, Silvanus da matarsa Hellen da yayansa Christopher mai aiki a Kaduna suka haɗa suka sayi wake buhu talatin a kasuwar Gwantu lokacin kaka, a ajiye sai ya yi daraja da damina. Karatun yara uku da takin baɗi duk suna cikin buhunan nan. Ɓarayi sun taɓa ɓalle ƙofar sito. A duk gidan ɗakin Mama ne kaɗai mai ƙofar ƙarfe, wanda Christopher ya gina mata don kowa ya ga ba ta haifi banza ba.

Wake kuwa ba ya ajiyuwa sai da magani. Ƙwaro yana biyo shi tun daga gona, ya yi ƙwai a jikinsa, tsutsa ta cinye ciki ta fito ta bar rami, kafin wata uku buhu ya koma gari. Abin da kowa ke sawa wata ƙwaya ce mai launin toka da ake kira bom. A ƙulle ta a tsumma a tura cikin buhu, ta narke ta zama iska, iskar ta kashe duk abin da ke numfashi. Silvanus da hannunsa ya ƙulla su, ya ɗaure hanci da hankici. A jikin gwangwanin an rubuta da Turanci cewa kada a sa inda mutum ko dabba ke kwana. Ya san wannan jimla da ka. Duk shekara yana sa ta a jarabawar 'yan aji biyar, maki biyu, kuma ba ya tausaya wa wanda ya faɗi.

Amma ya yi tunani irin na mai ilimi. Akwai leda a cikin buhunan. Taga a buɗe take. Mama kuma wuni take yi a lambunta na bayan kicin, tana tsince tsutsa daga yakuwa da hannu, tana barbaɗa wa gauta toka. Barci kawai take shiga yi.

Kwana uku bayan haka, yana shan shayi kafin ya tafi makaranta, ta zo ta ajiye masa murfin tukunya a gabansa. A kai akwai kyankyasai huɗu sun juya ciki sama, gyare ɗaya, tsaka guda ta sandare, da zanzaro biyu.

"Duba 'yan ɗakina," ta ce. "Zanzaron nan tun da aka gina ɗakin yana yin gidan laka a bayan kalanda. Ban kore shi ba, bai harbe ni ba. Yau na share shi a ƙasa."

"To ai kin huta da sauro, Mama."

Hellen ta leƙo daga kicin. "Mutane biya suke yi a yi musu feshi, Mama ta samu kyauta tana ƙorafi."

"Kaina yana sara, Silba. Ɗakin yana warin tafarnuwa da ruɓaɓɓen kifi. Ni shekara nawa ina ajiye irin wake a tulu da toka da barkono? Ƙwaro bai taɓa ci ba."

"Mama, wace toka za ta ishi buhu talatin? Sai mu ƙone gari."

Ya yi dariya shi kaɗai, ya ture murfin gefe, ya ƙarasa shayinsa.

Ciwon kai ya kawo amai. Hellen ta ce maleriya ce, aka sayo magani a kemis. Bai yi ba, aka ce taifod, aka sayo wani. Da sati uku suka wuce warin ya lafa, Mama ta soma cin tuwo, ta koma lambu. Hellen ta ba da shaida a coci cewa Ubangiji ya taɓa surukarta. Silvanus, wanda shi ne sakataren ikilisiya, ya rubuta shaidar a littafi da rubutunsa mai kyau. Mai walda ya ce babu wuta. Da wuta ta dawo, ya ce ƙarfe ya yi tsada, a ɗan jira. Kirsimeti ta zo ta wuce, buhu talatin na nan inda suke.

A watan Fabrairu, zafi ya fara, Hellen ta soka hannu cikin buhu ɗaya ta fito da wake mai ramuka, ƙananan ƙwari suna yawo a tafinta. Ta kawo wa mijinta har ƙarƙashin mangwaro.

"Baban Justin, duba. Duba makarantar yaranka tana tafiya da ƙafa shida."

A yammacin aka sake sa bom, aka ƙara yawa.

Wannan karon tari ne ya zo, busasshe, mai kama ƙirji. Mama ta daina kai wa lambu. Takan fito da sassafe ta zauna a bakin rijiya, baki buɗe, kafaɗu suna hawa da sauka. Tsutsa ta samu yakuwa babu mai tsince ta, ganye ya koma kamar raga. Da ƙafafunta suka soma rawa, Silvanus ya ɗora ta a babur zuwa ƙaramin asibiti, ya ɗaure ta a bayansa da zani don kada ta zame.

Nas ɗin, wata mai suna Emilia, ta daɗe da abin aunawa a ƙirjin tsohuwar. Sannan ta ɗago.

"Malam, wannan ƙirjin wani abu yake shaƙa. Akwai janareta kusa da ɗakinta?"

"Ba mu da janareta."

"Tana shiga da gawayi ɗaki?"

"Da wannan zafin?"

"Maganin ƙwari fa?"

"Ko na sauro ba ma kunna mata," in ji Silvanus.

Gaskiya ce tsantsa. Shi mutum ne da ba ya ƙarya, duk Kwoi an shaide shi. Mama ta dube shi, ta dubi nas, ta buɗe baki, tari ya riga ta. Da ya lafa ba ta sake gwadawa ba. Ba ta saba ƙaryata ɗanta a gaban baƙo ba, ko yana ƙarami. Aka ba su maganin tari da na ƙarin jini.

A hanyar dawowa ta yi magana a bayan kunnensa.

"Silba, ka bar ni in kwana a kicin."

Ya kai maganar wurin Hellen. Hellen ta ajiye wuƙar da take yanka albasa.

"A kicin? Da kaji? Gobe Maman Rosemary ta shigo ɗiban wuta ta ga uwarka a kan toka, kafin azahar duk Zumuntar Matan coci ta ji cewa Hellen ta kori surukarta. Kai ba sunanka za a kira ba."

Ya buga wa Christopher waya.

"Kicin?" in ji Christopher, ana jin ƙarar motoci a bayansa. "Ni na gina mata ɗaki mai silin, ku kai ta kicin? Kada ma in ji. Tsufa ne, Silvanus. Mama ta haura saba'in da biyar, so kake ta yi tsere? Ka saya mata madara. Yaya waken, lafiya dai?"

"Waken lafiya."

"To madalla. Ka kula da shi, ka san abin da ke ciki."

Da suka zo kwanciya Silvanus ya gwada wata dabara. Ya ce ko a kwaso buhunan a kawo nasu ɗakin, tunda yana da faɗi.

"Nan?" in ji Hellen. "Da wannan warin? So kake mu..."

Ba ta ƙarasa ba. Shi ma bai tambaye ta ƙarshen maganar ba. Ta gyara filo, ya gyara nasa, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya.

A tsakiyar Maris ƙwarin suka dawo karo na uku. Mai shagon maganin gona ya ce laifinsu ne: iskar guduwa take yi. A toshe taga da leda, a cusa tsumma a kowace kafa, a rufe ɗakin sati guda cur. A nan ne Silvanus ya nuna shi namiji ne. Ya ce Mama za ta koma falo sai an buɗe ɗakin, kuma ba shawara yake nema ba. Ya faɗi haka da ƙarfi har yaran suka leƙo. Ya ji daɗin kansa ƙwarai a ranar.

Kwana biyu a kan doguwar kujerar falo, Mama ta ci ƙosai huɗu. Ta fita da sanda ta zagaya lambu, tana tsaki a kan yakuwarta, ta sa aka kawo mata toka. Tarin yana nan, amma tana iya gama magana kafin ya tare ta.

Rana ta uku, Juma'a, aka fara taron Zumuntar Mata na gunduma. An raba baƙi gida gida, kuma gidan sakatare ba zai karɓi kaɗan ba. Mata shida daga Kagoro suka sauka daga bas da jakunkuna da tulunan kiɗa, cikinsu har da matar wani babban fasto. Hellen ta ja mijinta bayan ɗaki.

"Matar Rabaran da biyu a ɗakinmu, kai ka bi yara. Uku a falo."

"Mama fa?"

"Baban Justin, ka ji yadda take tari. Ga bokitin da take tofa majina, ga fitsari sau biyar. A gaban matan Kagoro? Kwana biyu ne kawai. Yau kwana na uku, ai ƙarfinsa ya ragu."

Ya san bai ragu ba. A aji yana koyar da cewa a kwanakin farko ne iskar ke taruwa, a rufaffen ɗaki kuma ba ta da wurin zuwa. Ya ce to, amma sai an cire ledar taga an bar ɗakin ya sha iska.

"Ka cire, maganin ya tafi a banza, mu sake saye? A ɗaga gefe ɗaya."

Suka daidaita a kan gefe ɗaya. Ya ce shi zai ɗaga da kansa. Yana neman abin da zai taka ya kai tagar, aka aiko daga coci cewa lasifika ta ƙi yin magana kuma babu wanda ya san inda mabuɗin ofis yake. Ya ce yana dawowa yanzu.

Ya dawo bayan magariba da baƙin, suna ta raha. Mama na tsaye a ƙofar ɗakinta da tabarma a hammata, hannu ɗaya a jikin ƙarfen ƙofar. Hellen ta riga ta shigar mata da bokiti. Ta gaishe da baƙin ɗaya bayan ɗaya, suka durƙusa, suka ce Mama Allah ya ƙara lafiya. Da suka shige falo ta kama rigarsa.

"Silba. Ɗakin nan ba ya son mai rai."

"Kwana biyu ne, Mama."

"Kicin fa? Zan tashi kafin kowa, ba wanda zai gani."

"Mama, ga matar Rabaran a gida. A ce uwar sakatare a kicin take kwana? Kada ki ba ni kunya, don Allah."

Ta dube shi. Ba fushi a idonta, shi ya fi damunsa daga baya. Ta saki rigar, ta gyara masa inda ta yamutsa.

"To," ta ce. "Ba zan ba ka kunya ba."

Ta shiga ta ja ƙofa. Daga falo matar Rabaran ta kira shi ya zo ya yi addu'ar abinci. Ya je ya yi, doguwa, mai tsari, har wata ta ce ashe sakataren nan da fasto ya zama. Tagar ta faɗo masa a rai yana tsakiyar cin tuwo. Ya ce bari baƙi su kwanta tukuna, kada su ga yana yage-yagen leda su yi tambaya. Ya kishingiɗa a ɗakin yara yana jira.

Waƙar safiya ce ta tashe shi. Matan Kagoro sun haɗu a falo, tulu yana amsawa a hankali. Gari ya waye tas. Ya fita ba takalmi.

Ƙofar ba ta buɗu duka ba, wani abu ya tare ta daga ciki. Ya tura kafaɗa ya shiga, warin ya buge shi har hawaye. Ba ta kan gado. Ta jawo tabarma zuwa bakin ƙofa, ta kwanta a gefe, ta zare tsumman da aka cusa a ƙasan ƙofar, ta kafa hancinta a ɗan tsagin da ke tsakanin ƙarfe da siminti. Tsumman na hannunta. Hannun ya yi sanyi.

Ƙofar ba a kulle take ba. Sakata ma ba ta sa ba. Taku ɗaya ne tsakaninta da tsakar gida, tsakar gidan da tagar falo ke kallo.

Abin da Malam Silvanus ya fara yi, kafin kuka, kafin kiran kowa, shi ne ya taka buhu ya hau, ciwon baya bai ce komai ba, ya yage ledar tagar gaba ɗaya, ya dunƙule ta ya tura a aljihu, ya buɗe taga. Sannan ya sauko ya yi ihu.

Matan Zumunta suka taimaka ƙwarai. Suka ce an yi sa'a ta tafi gida cike da masu addu'a. Aka kai gawa ɗakin ajiya a Kafanchan. Christopher ya iso da yamma, ya yi kuka a tsakar gida, sannan ya leƙa ɗakin ya dafa buhu ɗaya. A cikin sati aka sa wa sito ƙofar ƙarfe, domin ana bukatar ɗakin Mama don saukar dangi. Mai walda yini ɗaya ya yi.

Aka fitar da anko, aka buga hotonta a takarda. Silvanus ne ya rubuta tarihin marigayiya, shi ne mai Turanci da Hausa a gidan. Ya rubuta cewa ta yi barci cikin Ubangiji bayan fama da tsufa, a ɗakinta, a hannun 'ya'yanta. Da ya karanta a coci muryarsa ta karye daidai wurin da ya kamata. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce masa, "Ƙofar ma ba a kulle take ba," har mutane suka fara mamaki, don babu wanda ya tambaye shi.

Christopher ya ce a fasa buhu biyu don abincin biso. Aka shanya, aka wanke, aka dafa shinkafa da wake a manyan tukwane, jama'a suka ci a ƙarƙashin rumfa.

Wajen la'asar, an fara naɗe kujeru, maƙwabcinsu Boaz ya zo sallama. Manomi ne, shi ma cittarsa ta ruɓe, yana da yara biyar a ɗaki biyu. Ya riƙe hannun Silvanus da hannu biyu.

"Malam, sai haƙuri. Mama ta huta." Ya ɗan rage murya. "Ka yi haƙuri da tambaya a ranar nan. Na leƙa wurin masu girki, na ga waken nan. Maris, amma ko ƙwaro ɗaya babu! Me kuka sa?"

"Bom," in ji Silvanus.

"Na faɗa wa madam! Ina da buhu takwas, sun fara motsi. Gobe zan saya. Sito ne ba ni da shi, amma akwai wuri a ɗakin yara, bayan gado."

Hellen na tsaye kusa tana tara faranti. Hannunta ya tsaya. Christopher, da ke sallamar wani, ya juyo. Silvanus ya dubi matarsa, ya dubi yayansa. Ya ce Allah ya kai mu goben. Boaz ya yi godiya ya nufi baburinsa.

Sai da ya ji an taka babur sau biyu bai tashi ba, sannan Silvanus ya tsinci kansa yana gudu, da anko, da takalmin coci, a gaban surukai. Ya kama kan babur ɗin.

"Boaz. Kada ka sa a ɗakin yara."

"Ai zan bar taga a buɗe, Malam."

"Ko taga a buɗe. Ko kwana ɗaya. Ko akuya kada ta kwana da shi. Yana kashe mutum, Boaz. Yana cinye ƙirji. A jikin gwangwanin ma an rubuta."

Boaz ya sauke ƙafa daga kan abin takawa.

"Kai! Allah ya saka, Malam. Mu da ba mu yi boko ba, wa zai karanta mana? Da na kashe 'ya'yana da hannuna." Ya girgiza kai, ya share goshi. Sai ya tsaya, ya dubi sito, ya dubi sabuwar ƙofar da fentinta bai gama bushewa ba. "To amma Malam, ƙofar nan ai shekaranjiya aka sa. Kai da ka sani, tun kaka ina ka ajiye naka?"

Idon Silvanus ya tafi kan ƙofar ɗakin Mama. Boaz ya bi idonsa har zuwa inda ya tsaya. Sannan a hankali ya cire hannun Malam daga kan baburinsa, ya tura babur ɗin da ƙafa ya fita daga gidan, bai ko tayar ba.